Kamar An Aiki Bawa Garinsu

Huɗu Inna ta binne kafin ni.
Ta ƙarshen ko ranar suna ba ta kai ba.
Da na faɗo, kakata ta naɗe ni a tsumma,
ta ajiye bakin juji, bayan rumbu,
ta ce: Ayashe.
Wai in mutuwa ta biyo ta ji sunan
za ta yatsine fuska ta wuce.
Wa zai sunkuya don abin da aka yar?

Dabarar ta ci.
Ga ni, ashirin da bakwai, da haƙorana duka.
Na yi Kongo, na karanta lissafin kuɗi,
na fito da sakamakon da ya sa malamina
cire tabarau ya goge, ya sake dubawa.

Ambulan goma sha tara na kai da ƙafata:
banki a PZ, kamfanin iri a hanyar Shika,
makarantar kuɗi a Gyallesu,
wani asibiti mai koren ƙyaure a Tudun Wada
inda maigadi ya karɓa da hannun hagu
don na dama na riƙe da rake.
Shiru,
kamar an aiki bawa garinsu.
Bawa kuwa sunan ubana ne.

Lurwanu mai kwamfuta a Kwangila
shi ya faɗa mini, bai ko ɗago ba:
"Malama, takardarki ba ta da ciwo.
Layin farko ne.
A cikin gari ba su san sahun da za su sa ki ba,
a Sabon Gari ba su san bencin ba.
Kowa ya karanta, sai ya ji warin taki."
Ya danna, ya share, ya danna.
Harafi shida suka fita kamar ƙuda ta taga.
Asma'u B. Sambo.
Ɗari biyu, har da ambulan.

Biyu na aika waje guda, rana guda.
Digiri ɗaya, lamba dabam,
ɗayar ta wayar ƙanwata.
Ran Talata wayar ƙanwata ta yi kuka.
Tawa tana kan tabarma, cike da caji.

Na sani, biyu ba hujja ba ce.
Wataƙila ɗayar ta faɗa bayan kabad,
wataƙila shayi ya zube a kai,
wataƙila sakatariya ta tashi salla daidai kaina.
Na kwana ina ba su uzuri
kamar ni na yi laifin.
Mai lissafi ce ni: kar a yanke da ƙidaya kaɗan.
To amma goma sha tara fa, a wane shafi zan sa su?

Yau ina kan bencin harabar kotu.
An ce shaidar makaranta sai ta dace da sabon suna,
sai na rantse, a buga hatimi, a kai jarida:
ni, wadda a da aka sani da.
A da.
Magatakarda ya miƙo biro mai tauna a gindi.
Kuɗin haya saura kwana tara.
Maganin hawan jinin Inna saura ƙwaya shida.

Sai ga kiranta.
Ba ta iya sallama a waya ba, ihu take yi
kamar ina can ƙarshen gona:
"Ayashe! Ayashe, kina ji na?"
Duk bencin ya juyo.

Ina ji, Inna.

Ban gaya mata ba
cewa abin da suka ɗaura mini ya yi ƙarfi da yawa,
har yanzu aiki yake:
duk mai zaɓe, in ya iso kaina, sai ya tsallake.

Magatakarda ya ƙwanƙwasa tebur.
"Malama, wanne za a rubuta a sama?"
Biron yana hannuna.
Murfin yana bakina.